Mijina Ya Rasu Bai Faɗa Mini Ƙwaron da Zan Sa Ba

Anti Araba,

Don Allah ki taimake ni, kuma in dariya ta zo miki ki yi abinki, ni ma na yi wa kaina har na gaji. Ranar da na gane abin da ya faru ina durƙushe ne a ɗakin mijina, wuƙar yanka albasa a hannuna, na kwance kusoshin murfin wani akwatin ƙarfe da ya haɗa da hannunsa. Na ɗaga murfin na leƙa. A kan koren allon nan mai wayoyi akwai gurbi biyu baƙaƙe, kowanne da 'yan ramuka takwas, kuma babu komai a cikinsu. Sai na zauna daɓas a ƙasa. Ashe akwatin bai lalace ba. Ashe kuma ba makoki yake yi ba, kamar yadda na yi watanni ina gaya wa mutane. Mijina Kwamena ne ya cire masa abin da ke sa shi magana, safiyar ranar da ya rasu, da niyyar ya dawo ya sa wasu. Bai dawo ba.

Na san na fara miki daga tsakiya. Ki yi haƙuri, haka nake ba da labari, shi ma ya sha yi mini ƙorafi.

Kwamena ma'aikacin lantarki ne a tashar jiragen ruwa ta Takoradi har ya yi ritaya. Ni kuwa mai dokunu ce a nan Sekondi, tuwon masarar nan da ake dafawa a naɗe cikin ganye, karatuna bai wuce makarantar midil ba, abin da hannuna ya iya shi ne ƙulli da ganyen ayaba. Mijina ba ya shan giya, ba ya caca, ba ya kwana a waje. Abin da Allah ya jarabce ni da shi a gidan aure shi ne sauti. Akwatin nan suna ce masa DAC. Yadda ya bayyana mini, waƙar da ke cikin kwamfuta ba waƙa ba ce, lambobi ne zalla, akwatin ne yake mayar da su sauti ya miƙa wa amfilifaya, ita kuma ta miƙa wa sifiku. A bakin ƙofar fita, inda sautin zai bar akwatin, akwai wasu 'yan baƙaƙen abubuwa masu ƙafa takwas, ba su kai farcen babban yatsana ba. Su suna ce musu op-amp. Ni ƙwari nake ce musu, don ban ga abin da ya raba su da kyankyaso ba. Bai kafe su da dalma ba, gurbi ya yi musu yadda zai zare wannan ya cusa wancan duk lokacin da ya ga dama. Kuma Anti, kullum yana ganin dama. Yana da gwangwanin biskit cike da su, a soke a jikin baƙin soso, layi-layi kamar yaran makaranta a fareti.

Duk Asabar da yamma abokansa biyu suke zuwa. Ɗaya Egya Ato ne, wanda ya yi rayuwarsa yana riƙe da rediyon jiragen ruwa, ɗayan kuma Ticha Amissah, tsohon hedimasta, wanda har yau in ya yi maka magana sai ka ji kamar ka manta aikin gida. Sai su zauna a kan benci, su juya wa teburin baya, Kwamena ya lulluɓe akwatin da tsohon zanena don kada wani ya leƙa, ya sa hannu a ƙarƙashi ya canza ƙwaro, ya kunna. Su saurara ido a rufe kamar ana addu'a. Sai gardama ta tashi. Wannan ya ce ganga ta yi nauyi, wancan ya ce a'a, ta buɗe ne. Su ci dokununa da soyayyen kifi, su sha ruwa, su koma su ci gaba daga inda suka tsaya.

Abin da zai ba ki dariya shi ne waƙar da suke gwajin da ita. Muryata ce. Shekarun baya Kwamena ya kai na'urarsa coci ya ɗauki ƙungiyar matanmu muna rerawa, akwai wurin da nake ja ni kaɗai kafin sauran su amsa. Wannan ɗan wurin suke maimaitawa har kajin gidan sun haddace. Ina madafa sai in ji Kwamena ya ɗaga murya: "Madam, wannan ƙwaron ya sa miki mura!" Can kuma: "Wannan kam kamar kina cinikin kifi da matan bakin teku!" Ni kuma in ce, "Tsofaffin banza, ku bar muryata ta huta, ba ku da aikin yi ne?" Wata rana na tambaye shi tsakani da Allah, duk mawaƙan duniya me ya sa sai ni. Ya ce, "Shekara nawa muryar nan tana kirana in zo in ci abinci? In na'ura ta yi mata ƙarya, nan take zan gane." Na ce masa ashe da cikinsa yake saurare, ba da kunne ba. Yanzu da zan samu ya sake faɗa, da na yi shiru na ji daɗina.

Safiyar wata Asabar ya ce zai je bakin teku ya sayo kifin baƙinsa, don wai ni nakan bari a cuce ni. Yana ɗaura agogo ya ce, "Kar ki taɓa mini tebur." Maganarsa ta ƙarshe gare ni ke nan, Anti. Wasu matan ana bar musu kalmomi masu daɗi, ni an bar mini kar ki taɓa tebur. A hanya ya yanke jiki ya faɗi. Hawan jini ne, in ji likita. Kafin in isa asibiti da ƙullin dokunu a hannuna, an riga an rufe masa fuska.

Bayan an yi jana'iza mutane sun watse, na shiga ɗakin na danna abubuwan da na saba gani yana dannawa. Fitilu suka kama, kwamfuta ta nuna waƙa tana tafiya, amma sifiku ko tari. Na sake gwadawa washegari, haka. To kin san zuciyar mai takaba. Na yanke hukunci cewa akwatin ya san ubangidansa ya tafi, ya rufe bakinsa. Ban tsaya nan ba, na kai labarin kasuwa. Matan cocinmu suka zo gani, wata ta yi kuka, wata ta ce ita ma agogon bangonsu ya tsaya ranar da surukinta ya rasu. Matar rabaran ce kaɗai ta ce in cire filogin kada ya ja mini gobara, na yi fushi da ita a raina na ce ba ta da imani. Egya Ato da Ticha ba su shiga ɗakin ba, suna girmama mamaci, a tsakar gida suke yi mini gaisuwa su tafi. Da sun leƙa sau ɗaya da ban yi wannan abin kunyar ba. Cinnaku ne suka tona asirin. Na ga suna shiga ta ramukan iska, na ce bari in buɗe in share, kada su yi gida a cikin abin al'ajabina. Shi ne na ga gurbin nan biyu wayam.

Da na gama kuka sai kuma wayo ya zo mini. Na ce ai abin ba wuya, ƙwaro ne a sa shi a rami. Na buɗe gwangwanin na sa tabarau. Duk suna tsaye cak a layi, sai wasu biyu a gefen soson, a ɗan karkace, kamar an soke su da gaggawa. Na ce to, su ne. Na ɗauki ɗaya na cusa, ya shiga lafiya lau. Na ce bari in ji ɓangare ɗaya tukuna. Na kunna. Wani wari ya tashi kamar ana ƙona taya, na kai yatsa na taɓa bayansa, ya ƙone ni, sai na ji tas, ya tsage. Na fizge filogi na fita tsakar gida ina salati irin namu, yatsa a baki.

Dole na aika a kira Egya Ato. Ya zo ya duba, ya cire hula ya sosa sanƙo, ya ce, "Matarmu, kin sa masa kai a wurin ƙafa." Ashe kowane ƙwaro yana da 'yar tsaga a gefe ɗaya kamar jinjirin wata, gurbin ma yana da irinta, dole su kalli wuri ɗaya. In an juya, wuta takan shiga masa ta baya ta kashe shi. Wa ya taɓa gaya mini? Shekaru ina kawo musu abinci ɗakin, ban taɓa tsayawa na kalli hannunsa ba. Egya ya gwada allon da mita ya ce Allah ya tsare, ƙwaron kaɗai ya mutu. Amma tun ranar tambaya ɗaya take cin raina. Biyun nan da suka karkace, su ne ya zaɓa zai sa in ya dawo, ko kuwa su ne ya cire don ba su yi masa ba? In na farko ne, na ƙone zaɓin mijina da hannuna. In na biyu ne, na yi kuka a kan abin da shi ya riga ya kora.

Na tambayi abokansa, na ce ai su za su sani. Nan na jawo wa kaina. Egya Ato ya rantse cewa tsohon ƙwaron nan ne mai lamba 5532, wanda ake samu ko'ina. Ya ce, "Da bakinsa ya gaya mini, duk yawon da zai yi nan zai dawo. Sauran duk kwalliya ce." Ticha Amissah ya gyara zaman tabarau ya ce sam. Wai wasu sababbi ne masu tsada da ɗan shi Tichan ya aiko daga Jamus, ƙanana ƙwarai, a manne a kan 'yan alluna don su shiga gurbin. Ya ce, "A satin da ya rasu ya kira ni, ya ce da su har numfashinki yana ji tsakanin baiti da baiti. Ato bai san wannan ba, don kunnensa ya mutu tun a injin jirgi." Egya ya ce, "Ji kurma mai satifiket." Ni dai na san ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kwamena mutum ne da zai gaya maka abu ranar Talata da dukan zuciyarsa, ranar Juma'a ya gaya wa wani kishiyar maganar da dukan zuciyarsa.

Sai suka ce tunda muryata ce, ni zan yanke. Aka zaunar da ni a bencin, na juya baya, aka lulluɓe akwatin, Egya ya sa hannu ƙarƙashin zane. Aka kunna na farko. Ina jin sautin ya cika ɗakin, karo na farko tun ranar, sai hawaye. Egya ya ce, "Ka gani? Jikinta ya shaida." Aka canza, aka kunna na biyu. Hawaye. Ticha ya ce, "To, wannan ya fi zuba." Aka sake shiga ƙarƙashin zane, aka kunna, ni kuma don in nuna na san abin da nake yi na buga cinya na ce, "Wannan ne! Wannan ya fi su duka!" Egya ya yi tari ya ce, "Matarmu, ban canza komai ba, zanen na gyara." Anti, da ƙasa za ta tsage da na shige.

Gaskiyar da ban gaya musu ba ita ce, ni matar da ke cikin sifikun nan ban ma san ta ba. Wata ce mai siririyar murya kamar 'yar akuya ta ɓace wa uwarta. A cikin kaina ba haka nake jin kaina ba. Ta yaya zan san ƙwaron da ya faɗi gaskiya a kan muryata, alhali duk duniya ni kaɗai ce ban taɓa jin ta daga waje ba? Ma'aunin a kunnensa yake, kuma an binne shi da shi.

Da na ga rigima za ta yi yawa sai na kawo sulhu irin na mai dokunu. Na ce gurbi biyu ne, abokai biyu ne, a sa na Egya a hagu, na Ticha a dama, kowa ya samu. Na ɗauka za su yaba mini. Ticha ya dube ni kamar na faɗi jarrabawa, ya ce, "Madam, kin taɓa ganin mutum ya sa takalmin fata a ƙafa ɗaya, silifa a ɗaya, ya tafi coci?" Egya ya ce, "Wane ne silifan?" Shi ke nan. Ticha ya ɗauki laimarsa ya fita bai taɓa abinci ba, abin da bai taɓa yi ba a gidan nan. Egya ya zare ƙwarin ya mayar cikin soso ya ce ba zai sa komai ba, kada a ce ya yi maguɗi. Yanzu ko a coci kowa da layinsa.

Ga inda abin ya matse ni. Ƙarshen watan nan za a yi cikar shekara da rasuwarsa, ranar da zan cire baƙi in sa fari. Da dangi suka zauna shirin, yayarsa Mame Ekua ta ce a ɗauko masu kiɗan haya da manyan sifiku. Ni kuma bakina ya riga hankalina, na miƙe a gaban kowa na ce ba wani sautin haya da zai shiga gidan Kwamena, akwatinsa ne zai yi waƙa bayan an taso daga coci. Mame Ekua ta ce, "Akwatin da kika ce yana makoki?" Na ce ya gama. Aka yi dariya, aka amince. Yanzu ga ni da gwangwani cike da ƙwari, da abokai biyu da ba sa magana, da yatsa mai tabo.

'Yata da ke Tema ta ce a waya, "Mama, ki sa kowanne mana, wallahi ba wanda zai gane." Na san gaskiya ta faɗa, shi ya sa maganar ta yi mini ciwo. Wanda zai gane ɗin shi ne babu.

Anti, akwai hanyar da za a bi a san wanda ya yi niyya? In babu, wanne zan sa, kuma yaya zan yi in sa ba tare da na sake ƙona wani abu ko na rasa tsofaffin nan biyu ba? Su kaɗai suka rage da in na gan su nake ganin Asabar. Farin yadin yana nan a cikin leda, ban kai wa tela ba, kuma ban zaɓi ƙwaron ba.

Mai Dokunu, Sekondi

*

'Yar'uwata Mai Dokunu,

Allah ya ji ƙan Kwamena, ya ba ki haƙuri. Na yi dariya, tunda kin ba ni izini, amma ba ke na yi wa ba. Matar da ta buɗe akwatin lantarki da wuƙar albasa don ta kare abin da mijinta ya haɗa da hannunsa ba abin dariya ba ce. Labarin makokin akwati ma ki daina jin kunyarsa. Kowa da irin abin da yake riƙewa a watannin farko.

Tambayarki ta farko amsarta gajeriya ce: babu hanya. Karkacewar ƙwari biyu a cikin soso ba wasiyya ba ce. Kuma ina ganin shi kansa bai yanke ba. Mutumin da ya gama zaɓi dalma yake narkawa ya kafe abinsa ya rufe murfi. Mijinki gurbi ya yi, ya tara gwangwani, ya gayyaci mutum biyu da ya san ba za su taɓa yarda da juna ba. Ranar da ya fita sayen kifi gwaji yake shiryawa, ba hukunci ba. Don haka ba ki ƙone zaɓinsa ba. Kin ƙone ƙwaro ɗaya, irinsa kuma yana kasuwa.

Ni ban san lantarki ba, don haka na kai wasiƙarki wurin wata injiniya da ke kula da na'urorin wani ɗakin ɗaukar sauti. Ta ce abokan mijinki kowa yana da gaskiyarsa. Ticha bai yi kuskure ba, sababbin nan in an auna su da na'ura sukan fi tsofaffi tsabta da ƙarancin shuuu. Egya ma bai yi kuskure ba, tsohon nan mai lamba 5532 an daɗe ana aiki da shi a na'urorin ɗaukar sauti, kuma ba shi da yawan fitina. Amma ta ce in duka biyun na gaske ne, kuma sun dace da allon, bambancinsu ƙanƙane ne ƙwarai, har ƙwararru sukan kasa raba su in an rufe musu ido. Abin da ya same ki a kan benci yakan sami masu digiri. Kunnenki lafiyarsa lau.

Abin da ta fi damuwa da shi ba daɗin sauti ba ne, dacewa ce, don ba duk mai ƙafa takwas ne yake shiga kowane gurbi ba. Wani ƙwaron guda ɗaya ne a cikinsa, wani tagwaye ne, a ido kamarsu ɗaya amma aikin ƙafafunsu daban. Mai lamba 5532 tagwaye ne, ɗan'uwansa mai 5534 guda ne, kuma ta tabbata duka suna cikin gwangwanin. Tunda na Egya ya yi waƙa a allon, gurbin na tagwaye ne, kada a cusa masa guda. Sannan a auna ƙarfin wutar da allon yake bayarwa, a duba ko ƙwaron yana iya ɗauka, don wasu sababbin ba sa jure irin wadda tsofaffi suke sha. Wasu kuma saurinsu ya yi yawa, in allon ba don su aka yi shi ba sai su riƙa rawa a ɓoye, kunne bai ji ba, amma su yi zafi. Gwajin ba wuya. A kashe wuta a ɗan jira kafin a taɓa komai. Tsaga ta kalli tsaga. A kunna ba tare da an haɗa amfilifaya ba, a sa mita a bakin fitar sauti a tabbata babu wutar da ke tsaye a wurin, don ita ce ke lalata sifiku. A bar shi yana aiki kamar tsawon dahuwar shinkafa. In bayansa ɗumi ne kawai, lafiya. In yatsa ba ya iya zama a kai, a cire shi, ko daga wace ƙasa ya zo. Kuma a nan Ticha ya yi gaskiya duk da bakinsa ya yi kaifi: hagu da dama iri ɗaya ake sa musu.

Yanzu maganar tsofaffin nan. Kada ki ɗauka a kan ƙwaro suke faɗa. Kowannensu yana so a ce shi ne Kwamena ya gaya wa maganar ƙarshe. Ke kin yi takaba a fili, an zo an gaishe ki, su kuwa ba wanda ya ba su baƙin zane. Amma wannan bai ba su damar ɗora miki alƙalanci ba, kuma in suka sake cewa ki zauna a benci ki ce kin yi ritaya. Ki je gidan kowannensu da ƙafarki, ba aike ba. Ki ce wa Egya hannunsa kike so, shi zai sa ya cire. Ki ce wa Ticha idonsa kike so, shi zai karanta takardar bayanin kowane ƙwaro ya duba abin da mita ta nuna. Kada ki tambaye su wanne ya fi daɗi. In ɗaya ya faɗi gwajin, allon ne ya kore shi, ba ke ba, ba abokin gardamarsa ba.

In duka suka ci, to zaɓin ya dawo hannunki, kuma ba sai da kunne za ki yi shi ba. Injiniyar ta ce da ita ce, ranar taro tsohon ƙwaron za ta sa, don taro ba wurin gwaji ba ne, a ajiye na Jamus don Asabar ta gaba. Ni ma nan na karkata, musamman saboda zancen Asabar ta gaba. Amma in zuciyarki ta fi kwanciya da wanda aka ce yana jin numfashinki, kuma ya ci gwajin, ki sa shi kanki tsaye. Abu ɗaya dai, a sa shi tun da sauran kwanaki, a ɗaure murfi, kada kowa ya kai hannu ranar bikin. Ki faɗa musu a fili cewa zaɓinki ne, ba na Kwamena ba. Za su yi gunaguni, sannan su ci abinci.

'Yarki ba raina abin ta yi ba, so take ki huta. Ki ce ta zo da wuri ta raka ki wurin tela.

Ina yi miki fatan taro lafiya, farin ya karɓe ki, akwatin ya yi waƙa har Mame Ekua ta ce a ƙara murya. Allah ya sanyaya miki zuciya, ya daidaita tsofaffinki. Aunawa aikinsu ne, kuma za su iya. Zaɓin ne ya rage, shi kuma ba mai yi miki.

Taki,
Anti Araba